Yadda Ake Soya Haƙarƙarin Rago da Zuma da Tsamiya Har Ya Yi Sheƙi

Duk wadda ta taɓa haɗa nama da zuma a kasko ta san inda gizo ke saƙar: tun naman bai nuna ba zumar ta ƙone, kicin ya turnuƙe da hayaƙi, abin da aka shirya don zaƙi ya koma ɗaci. Matsalar daga lokacin zuba zumar take. Nama yana son wuta mai ƙarfi kafin bayansa ya yi ja ya ba da ƙamshi, kaskon suya kuwa zafinsa yakan kai digiri 200 na ma'aunin Salshiyas ko ya wuce. Ita zuma, sukarin da ya fi yawa a cikinta irin na 'ya'yan itace ne, wanda ke fara canza launi tun daga wajen digiri 110. Ke nan wutar da nama ke buƙata ta fi ƙarfin zuma nesa ba kusa ba. Shi ya sa girkin nan gaba ɗaya ya ginu a kan tsari guda: a soya nama shi kaɗai a wuta mai ƙarfi, a rage wuta, sannan naman ya haɗu da zuma a minti uku na ƙarshe. Idan uwargida ta riƙe wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Wajen mahauci

Rabin aikin a nan ake gama shi. Abin da ake nema shi ne haƙarƙari ta ɓangaren gadon baya, inda kowane ƙashi yake ɗauke da dunƙulen tsoka mai taushi a kansa. Rago yana da ƙashin haƙarƙari 13 a kowane gefe, amma guda takwas na tsakiya zuwa baya su ne suka fi tsoka mai laushi. Na kusa da wuya da kafaɗa sun fi jijiya, suna son dahuwa mai tsawo. Ƙasan haƙarƙari kuma, wajen ƙirji, kitse da tantani ne suka yi masa yawa, ya fi dacewa da farfesu. Idan babu haƙarƙarin, yankan gadon baya na kusa da ƙugu yana yi sosai, har ma ya fi tsoka.

Ki nemi ɗan matashin rago, wanda bai wuce shekara ɗaya ba ko ya ɗan ɗara kaɗan. Ana gane shi da tsoka mai jan da bai yi duhu ba, da kitse fari mai ƙarfi. Tsoka mai duhu sosai da kitse mai ruwan ɗorawa alamar dabbar ta kwana biyu a duniya. Ba a jefar da irin wannan naman ba, akwai hanyarsa a ƙasa, amma ba ya soyuwa kai tsaye. Balami da Uda manyan raguna ne, haƙarƙarinsu ya fi faɗi da nama, ɗan Yankasa kuma ƙarami ne, don haka sai a ƙara yawan yanka kafin a cika kilo.

Yadda aka saba, mahauci zai ɗora nama a kan kututture ya daddatsa shi da adda, kowane yanki da girmansa, ga ɓarɓashin ƙashi ko'ina. Wannan saran ba zai yi a nan ba. Ki tsaya a kansa ki yi masa bayani: ya bi tsakanin ƙashi da ƙashi da wuƙa, ya raba su ɗaya-ɗaya, sai ƙashin bayan da ya haɗe su kawai zai sara, sara ɗaya mai kyau. Kaurin kowane yanka ya kai santimita 2 zuwa 2 da rabi, wato kamar kaurin babban yatsan hannu. Wanda bai kai haka ba zai bushe kafin ya yi ja. Wanda ya wuce santimita 3 kuma bayansa zai ƙone cikinsa bai nuna ba. Mafi muhimmanci, duk su zo kauri ɗaya, domin tare za su shiga kasko tare za su fita.

Akwai kuma batun naman da aka yanka yau, musamman lokacin layya. Bayan 'yan sa'o'i da yanka, tsokar dabba takan sandare, kuma idan aka soya ta a wannan yanayin, komai ƙuruciyar ragon sai an sha fama da tauna. Naman da ya kwana ɗaya ko biyu a firij ya fi taushi da daɗi ƙwarai. Idan wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a unguwarku, kada ki yi kasadar ajiye ɗanyen nama, ki bi hanyar nama mai tauri da ke ƙasa.

Abin da za a tanada

Wannan awon na mutum huɗu ne:

Haƙarƙarin rago kilo 1, yanka 8 zuwa 10
Gishiri cokalin shayi 1 da rabi, wajen giram 9
Masoro dakakke rabin cokalin shayi
Man gyaɗa babban cokali 2
Zuma babban cokali 4, wajen giram 85
Tsamiya dunƙule kamar girman ƙwan kaza, wadda za ta ba da ruwa mai kauri babban cokali 3
Tafarnuwa ƙwaya 4
Ɗanyar citta gurzajjiya babban cokali 1
Attaruhu 1, ko 2 ga masu son yaji
Kanumfari ƙwaya 2
Romon nama ko ruwa rabin kofi, mililita 120
Dunƙulen ɗanɗano 1, ko garin daddawa rabin cokalin shayi
Man shanu babban cokali 1

Tsamiyar ba ado ba ce a girkin nan. Zuma ita kaɗai a kan nama mai kitse tana gundura tun a loma ta uku, tsamin ne ke karya zaƙin ya kuma yanke maiƙon da ke manne wa baki. Idan babu tsamiya, ruwan lemun tsami babban cokali 2 zai maye gurbinta, sai dai shi a ƙarshe ake zuba shi bayan an kashe wuta, domin idan ya daɗe yana tafasa ƙamshinsa yakan gudu.

Wadda ba ta da zuma mai kyau, mazarƙwaila ta fi mata zumar da aka yi wa algus. Ki sami giram 80, ki farfasa, ki narka a cikin ruwan ɗumi babban cokali 3, ki tace da rariya mai laushi saboda ƙasa da ɓurɓushin rake. Mazarƙwaila ta fi zuma jure wuta, domin sukarin rake sai wajen digiri 160 yake fara yin ja, kuma tana da wani ɗan ƙamshin ƙauri mai daɗi da ke tafiya da naman rago. Ga mai koyo ma, ita ce ta fi sauƙin sarrafawa. Sai dai sheƙin zuma daban ne.

Gishiri da tsane nama

Ki wanke naman da sauri don fitar da ɓarɓashin ƙashi, ki bi gefen sara da yatsa ki tabbatar babu tsinin da zai soki wani a baki. Kada ki jiƙa shi a ruwa. Ki zuba a kwando ya tsane, sannan ki goge kowane yanka da tsumma mai tsabta har sai ya daina jiƙa hannu. Wannan gogewar ita mutane suka fi rainawa, kuma ita ce ke raba soyayyen nama da dafaffe. Muddin akwai ruwa a jikin nama, zafin wajen ba zai wuce digiri 100 ba, shi kuwa jan da ake nema sai daga wajen digiri 140 yake fara fitowa. Jiƙaƙƙen nama a kasko turara yake yi, ya fito fari-fari ba ƙamshi.

Ki rage kitsen gefe ya zama kamar rabin santimita, kada ki cire duka. Sai ki tsaga kitsen da bakin wuƙa wuri biyu ko uku, tsagar ta ratsa kitsen da farin tantanin da ke ƙarƙashinsa amma kada ta shiga tsoka. Dalili kuwa, tantanin nan yana ƙanƙancewa da zafi fiye da tsoka, idan ba a tsaga shi ba sai ya ja naman ya lanƙwashe kamar ƙoƙo, tsakiya ta daina taɓa kasko.

Ki barbaɗa gishiri da masoro gaba da baya, ki jera a faranti ba tare da ɗora wani kan wani ba, ki ajiye aƙalla minti 45. A minti goma na farko za ki ga ruwa ya tsattsafo a kan naman. Ki ƙyale shi, gishirin ne ya jawo shi, kuma da kansa zai koma ciki ɗauke da gishirin. Wadda ta sa gishiri ta jefa a kasko bayan minti goma ta faɗa daidai lokacin da naman ya fi jiƙa. Idan kina sauri, gara ki sa gishirin daf da suya. Idan kuma akwai firij mai aiki, ki bar shi ya kwana a buɗe, bayansa zai bushe ya yi ja da kyau. A fito da shi minti 20 zuwa 30 kafin suya. A lokacin zafi irin na watan Afrilu, kada ɗanyen nama ya wuce awa ɗaya a waje.

Kada ki shafa wa naman tafarnuwa, citta ko zuma a wannan matakin. Dukansu za su ƙone a kasko.

Haɗin zuma

Yayin da nama ke shan gishiri, ki jiƙa tsamiya a ruwan zafi kwata na kofi na minti 15, ki murje da yatsu, ki tace. Ruwan ya fito da kauri kamar kunu marar ruwa sosai. A ƙaramin kwano ki haɗa zuma, ruwan tsamiya, romo da dunƙule ko daddawa, ki juya har zumar ta narke. Ki ɗanɗana. Ya kamata zaƙi ya fara zuwa, tsami ya biyo baya nan take. Tsamiya ba ƙarfinta ɗaya ba, wata ta fi wata, don haka harshe ne alƙali a nan. Gishirin haɗin ya zama kaɗan da gangan, domin zai ƙafe ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, kuma duk gishirin da ke ciki zai taru.

Ki daka tafarnuwa, citta da attaruhu sama-sama a turmi, ki ajiye gefe guda tare da kanumfari. Ki ajiye komai kusa da murhu. Da zarar suya ta fara, babu lokacin neman cokali.

Suyar kanta

Kasko mai kaurin gindi ake so, mai faɗin da ya kai santimita 28 zuwa 30. Siririn kasko yana zafi wuri guda ya bar sauran, kuma da nama ya sauka a kansa zafinsa ya faɗi. Ki ɗora a wuta mai ƙarfi na minti 3, ki zuba man gyaɗa. Idan man ya saki jiki yana gudu kamar ruwa, kuma kika taɓa gefen nama a ciki ya yi ƙara nan take, to ya yi. Idan hayaƙi ya fara tashi sosai, ya zarce, ki ɗan sauke ya huce.

Ki fara da kitsen. Ki haɗa yanka huɗu jiki da jiki, ki tsayar da su a kan gefen kitse, ki riƙe da abin kama nama ko cokula biyu na minti 2, har kitsen ya narke ya yi ja. Wannan yana hana a ci karo da ɗanyen kitse mai santsi a faranti, yana kuma ƙara wa man ƙamshi.

Sai ki kwantar da su, da tazarar yatsa biyu tsakanin kowanne. Yanka huɗu ko biyar a lokaci guda sun isa, a soya sauran a zagaye na biyu. Cika kasko kan sa ruwan nama ya taru, a koma dahuwa. Bayan kin kwantar, ki cire hannu. Kada ki motsa, kada ki danna da ludayi, kada ki soka da cokali mai yatsu. Ki ba shi minti 3 da rabi zuwa 4. Da farko naman zai manne wa kasko, idan ɓawon ya yi, da kansa zai saki. Idan kika ɗaga kika ji yana riƙewa, ki ƙara masa rabin minti. Launin da ake nema shi ne ja mai duhu irin na bayan gasasshen tsire. Ki juya, ki ba ɗaya gefen minti 3. Ki kwashe a faranti, ki soya ragowar.

A wannan matakin naman bai gama nuna ba, kuma haka ake so. Sauran nunar a cikin zuma zai ƙarasa.

Yanzu ki rage wuta zuwa ƙasa-ƙasa. A gas abu ne mai sauƙi. A murhun gawayi ko na itace, ki sauke kaskon gaba ɗaya na minti ɗaya, ki janye rabin garwashin gefe kafin ki mayar. Ki tsiyaye man da ke cikin kasko, ki bar kamar babban cokali ɗaya. Kitsen rago da ya yi yawa ba ya haɗuwa da zuma, sai ya taso sama ya hana ta kama nama. Ki duba gindin kaskon: ɓawon da ya manne mai launin ƙasa-ƙasa shi ne daɗin girkin, kada ki kankare ki zubar. Idan kuwa baƙi ne ƙirin, ki goge shi, domin ɗacinsa zai bi miyar duka.

Ki zuba dakakken tafarnuwa, citta, attaruhu da kanumfari, ki juya na daƙiƙa 30 zuwa 40, iya lokacin da ƙamshi zai bugi hanci. Tafarnuwa ba ta da haƙuri, da ta yi duhu ta yi ɗaci. Nan take ki juye haɗin zuma, ki kankare gindin kasko da cokalin katako har ɓawon ya narke a ciki. Ki ɗan ƙara wuta zuwa matsakaiciya, ki bari ya tafasa minti 3 zuwa 4.

A nan ido ya fi agogo. Da farko kumfar ƙanana ce, tana tashi da sauri tana fashewa kamar ta ruwa. Yayin da ruwan ke ƙafewa, kumfar takan girma, ta rage sauri, ta fara ƙyalli. Ki ja cokali a gindin kasko: idan hanyar da ya bari ta tsaya a buɗe na daƙiƙa biyu kafin ta rufe, lokaci ya yi. Ko ki tsoma cokali ki ɗago, idan miyar ta lulluɓe bayansa ba ta zube nan take ba, ta kai. Ki tuna cewa za ta ƙara kauri idan ta huce, don haka a tsaya tun tana da ɗan ruwa-ruwa.

Ki mayar da naman duka tare da ruwan da ya tsiyaya a faranti. Ki sake rage wuta. Ki riƙa juya kowane yanka duk bayan daƙiƙa 30, kina ɗibar miyar da cokali kina zubawa a kai, na minti 2 zuwa 3. Kada ki bar wajen ko na ɗan lokaci. Tsakanin sheƙi da ƙonewa bai fi minti ɗaya ba. Idan kika ga miyar tana neman kamawa alhali naman bai kai ba, ki zuba ruwan zafi babban cokali ɗaya ko biyu, ki ci gaba.

Ki kashe wuta, ki tsince kanumfari, ki jefa man shanu, ki jujjuya kaskon har ya narke ya haɗe. Shi ne ke ba da ƙyallin ƙarshe ya kuma tausasa kaifin tsamiya.

Gane nuna

Wadda ke da ma'aunin zafin nama ta soka shi ta gefe zuwa tsakiyar tsoka, ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Digiri 63, tare da hutun minti uku, shi ne mafi ƙarancin da ake amincewa da shi ga yankan rago, kuma a nan cikinsa yana da sauran ja-ja. Yawancin gidajenmu ba a son ganin ja a nama, to sai a nufi digiri 71. Ki sauke yana 67 ko 68, zafin da ke jikinsa zai ƙarasa shi a faranti. Mai juna biyu, ƙananan yara da tsofaffi, a ba su wanda ya nuna sarai. Idan babu ma'auni, ki tsaga yanka ɗaya kusa da ƙashi: ruwan da zai fito ya zama garai-garai, tsokar kuma ta bar ja ta koma ruwan toka mai haske amma tana da danshi.

Ki jera a faranti, ki kifa kwano a kai ba tare da ya rufe ruf ba, ki bar shi minti 5. Naman da aka yanka da zafinsa ruwansa a faranti yake ƙarewa. Sannan ki zuba ragowar miyar a kai.

Idan naman mai tauri ne

Tsohon rago, naman akuya, yankan kafaɗa, ko naman da aka yanka yau, duk hanyarsu ɗaya. Ki soya su yi ja kamar yadda aka faɗa, sannan ki zuba su a tukunya da albasa ɗaya, citta, kimba ɗaya da ruwa kofi 1 da rabi. Ki rufe, a dahu a ƙaramar wuta minti 45 zuwa awa ɗaya da kwata, har wuƙa ta shiga ba gardama amma naman bai bar ƙashi ba. Ki tsame, ki bari ya sha iska minti 10. Ki kwashe kitsen da ya taso a kan romon, ki ɗebi rabin kofi ki yi haɗin zuma da shi, sai ki ƙarasa a kasko. Da yake an riga an sa gishiri a naman, romon yana da gishiri, don haka a bar dunƙule.

Masu naɗe nama a ganyen gwanda suna da gaskiya, akwai sinadari a jikin gwanda da ke karya tsoka. A murje ganyen, a naɗe naman awa ɗaya zuwa biyu, a wanke a goge. Idan ya wuce haka bayan naman yakan yi laɓo-laɓo ya ɗauki ɗaci. Kanwa kuwa a nisance ta a wannan girkin. Tana kashe tsamin tsamiya, tana sa miyar kumfa, tana kuma sa launi ya yi duhu da wuri.

A kan gawayi

Ki dafa haɗin zuma daban a ƙaramar tukunya har ya yi kauri, da man gyaɗa cokali ɗaya wajen soya tafarnuwa da citta. Ki tara garwashi a gefe ɗaya na abin gashi, ɗaya gefen ki bar shi da ƙwaya kaɗan. Ki jira harshen wuta ya mutu, farar toka ta rufe gawayin. A gasa naman a gefe mai zafi minti 3 zuwa 4 kowane ɓangare, sannan a matsar da shi gefe mai sauƙi, a shafa zuma, a juya bayan minti ɗaya, a sake shafawa, sau biyu ko uku. Shafi siriri sau uku ya fi shafi mai kauri sau ɗaya, domin mai kaurin ɗiga yake yi a garwashi, wuta ta tashi ta baƙanta nama. Idan kitse ya ɗiga wuta ta kama, a janye naman gefe har ta lafa. Yayyafa ruwa toka yake tayarwa ta manne a zuma.

Inda ake samun tangarɗa

Idan miyar ta yi baƙi tana warin ƙauri, ta ƙone, kuma babu abin da ke gyara ƙonanniyar zuma. Ki cire naman da sauri, ki goge abin da ya manne masa, ki wanke kasko ki sake rabin haɗi. Ƙara sukari ko ruwa ba ya ɓoye ɗacin.

Idan ta daskare ta yi tauri kamar alewa tana kama haƙori, ta wuce ƙa'ida wajen ƙafewa amma ba ta lalace ba. Ruwan zafi babban cokali 2 a ƙaramar wuta zai dawo da ita. Akasin haka, idan ta tsaya tsululu tana zamewa daga jikin nama, ko dai ba ta ƙafe ba ko kitse ya yi yawa. Ki kwashe naman tukuna don kada ya bushe, ki karkata kasko ki ɗebe man da ya taso, ki tafasa miyar ita kaɗai.

Zaƙi ya yi yawa? Matsin rabin lemun tsami da ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu. Tsami ya yi yawa? Zuma cokalin shayi ɗaya da ɗan man shanu.

Taurin nama iri biyu ne, kuma maganinsu ya saɓa wa juna. Naman matashin rago da ya bushe ya yi tauri, wuta ce ta yi masa yawa, gaba sai a rage lokaci. Naman tsohuwar dabba mai jijiya da ke jan haƙori kamar roba, shi dahuwa ce ba ta ishe shi ba, a mayar da shi tukunya da ruwa kaɗan.

Ƙarnin rago mafi yawansa a kitse yake zaune. Rage kitse, tsiyaye man suya, da citta da kanumfari suna maganinsa. Kanumfari dai kada ya wuce biyu, yana da danne komai.

Kaskon da zuma ta kama, ki zuba masa ruwa tun yana da ɗumi ki mayar wuta ya tafasa minti 5, zai saki ba sai an kankare ba.

Ci da ajiya

Kitsen rago yana daskarewa da wuri, har yakan manne a saman baki idan ya huce, don haka wannan nama da zafinsa ake ci. Ki ɗauraye faranti da ruwan zafi ki goge kafin ki zuba, kuma ki tabbatar abin haɗawa ya riga ya sauka kafin ki ɗora kasko. Farar shinkafa ce ta fi karɓarsa, domin tana shan miyar ba ta yi mata gasa. Gurasa, sinasir ko soyayyen dankalin turawa ma suna tafiya da shi. A gefe a yanka ɗanyar albasa, kabeji da kokwamba, a matse lemun tsami, a ajiye yajin ƙuli ga mai so. Shinkafa dafa-duka mai tumatir da kayan ƙamshi da yawa takan rufe ɗanɗanon zumar.

Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma, ko dafaffiya ce, ko lasar miyar ce kawai, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba, kuma tafasa irin ta girki ba ta kashe ta. Mai ciwon sukari kuma a ware masa nasa tun bayan suyar farko, a ƙarasa masa da citta, tafarnuwa da tsamiya kawai.

Abin da ya rage a sa a mazubi mai murfi a kai firij kafin awa biyu, zai yi kwana uku. Wajen ɗumamawa, a zuba a kasko da ruwa babban cokali 3, a rufe, a ƙaramar wuta minti 5 zuwa 6, a juya sau ɗaya, har zafi ya ratsa tsakiya. A buɗe murfin a minti na ƙarshe don ruwan ya ƙafe sheƙin ya dawo.